Abin da ke turo ruwa sama a famfo

Yau na tsaya a kan mai gyaran famfon rijiya har ya gama aikinsa. Injin yana ta ƙugi amma ko ɗigo ba ya fitarwa. Sai ya kwance murfin sama, ya ɗura ruwa har ya tumbatso, ya ɗaure. Yana kunnawa sai ga ruwa. Na ce, "Malam, yaya za a ba famfo ruwa kafin ya ba da ruwa?" Ya ce iska ce ta cika bututun, shi kuma injin ba ya iya kama iska.

Abin ya burge ni ƙwarai. Famfon da aka girke a bakin rijiya rage matsin da ke cikin bututu kawai yake yi idan ya cika da ruwa, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne ruwan rijiyar ya turo shi sama. Wannan nauyin kuwa yana da iyaka: ba ya ɗaga ruwa ya wuce kimanin mita 10, a aikace ma da ƙyar ake samun 7 ko 8. Torricelli, masanin nan na Italiya, shi ya gano dalilin a wajajen 1643. Shi ya sa a burtsatse mai zurfi ake zura injin can cikin ruwan, ya riƙa turowa daga ƙasa.

Ina tausaya wa masu sayen babban inji don rijiyarsu ta yi zurfi, alhali girmansa ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. Kuma don Allah kada a bar shi yana aiki ba ruwa a ciki, robar da ke hana yoyo ƙonewa take yi.