Ɗora kwangilar Ethereum a kan Sepolia kafin ka taɓa kuɗin gaske

Kwangila mai sarrafa kanta, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a kan Ethereum, ba ta gyaruwa bayan an ɗora ta. Shi ya sa ake fara gwada ta a Sepolia, hanyar gwaji mai lamba 11155111, inda ETH ɗin da ake kashewa, wato kuɗin Ethereum, ba shi da daraja a kasuwa. Idan darasin da kake bi yana cewa Goerli ko Ropsten, ya tsufa, an daina amfani da su.

Kana buƙatar kwamfuta mai Chrome ko Firefox, da MetaMask, wato jakar ajiye ETH da ake sawa a burauza, da shafin remix.ethereum.org, inda ake rubuta kwangilar a ɗora ta. Remix yana buɗewa a waya, amma aiki da shi a nan wahala ne. Gara ka haɗa kwamfutar da datar wayarka. Buɗe sabon asusun MetaMask na gwaji kawai, ka rubuta kalmomin sirri 12 a takarda. Don Allah kada ka yi wannan a kwamfutar shagon buga takardu, ko a Ringim kake ko a Gumel, domin duk wanda ya ga kalmomin nan ya mallaki asusun. Kunna nuna hanyoyin gwaji, ka zaɓi Sepolia, sannan ka nemi ETH na kyauta. Shafin rabon Google Cloud yana ba da 0.05, kuma ya isa. Wanda ya ce zai sayar maka da shi, ka rabu da shi.

Ga kwangilar lissafin geron da ke rumbu:

```
// SPDX-License-Identifier: MIT
pragma solidity ^0.8.20;

contract Rumbu {
    address public maiRumbu = msg.sender;
    uint256 public kwano;

    function zuba(uint256 adadi) public {
        require(msg.sender == maiRumbu, "Ba kai ne mai rumbu ba");
        kwano += adadi;
    }
}
```

Da kwano aka yi lissafin, ba da buhu ba, saboda uint256 bai san rabi ba. Idan buhunka kwano 40 ne, rabinsa ka shigar da 20. Layin require kuwa shi ne ƙofar rumbun. Cire shi, kowa a duniya zai iya canza lissafinka. Akwai kuma abin da ke kama masu Hausa: Solidity, yaren da aka rubuta kwangilar da shi, ba ya karɓar ƙ, ɗ ko ɓ a sunayen ayyuka. Ka rubuta ƙara a matsayin suna, zai ƙi haɗuwa. A cikin saƙon rubutu ma sai ka sa kalmar unicode kafin alamar buɗe zance.

Zuba lambar a sabon fayil a Remix, ka danna Compile. Inda sabis ke rawa, kamar ƙauyukan da ke nesa da sandar sadarwa, wannan matakin ne ke jinkiri, domin sai Remix ya sauke na'urar haɗa lambar, kuma tana da nauyi. Ka tabbata sigarta ba ta gaza 0.8.20 ba, in ba haka ba layin pragma zai jawo jan rubutu.

A ɓangaren Deploy, fara da Remix VM, wurin gwaji na cikin burauza, inda gas, wato ma'aunin kuɗin aiki a Ethereum, ba ya taɓa asusunka ko kaɗan. Ya yi aiki, sai ka sauya zuwa MetaMask, ka duba da idonka cewa Sepolia aka rubuta. Mutane da yawa suna tsallake wannan dubawar, alhali idan asusun yana kan babbar hanyar Ethereum, kuɗin gaske za a cire. Ƙirƙirar kwangila tana farawa daga gas 53,000, sannan kowane bayit na lambar da aka adana yana ƙara 200.

Ana fitar da sabon tubali, wato rukunin ayyukan da suka shiga, kusan kowane daƙiƙa 12. Idan sabis ya ɗauke bayan ka danna Deploy ka amince a MetaMask, kada ka sake dannawa, za ka iya samun kwangila biyu. Saka adireshin asusunka a sepolia.etherscan.io ka ga ko ta shiga. Kwafi adireshin kwangilar ka ajiye, domin Remix a cikin burauza yake adana fayiloli, kuma goge bayanan burauza yana tafiya da su.

Bayan ta shiga, Remix zai nuna maɓallanta: shuɗin maɓallin kwano karatu ne, kyauta. Na zuba mai ruwan lemo yana cin gas. Shigar da 20, ka karanta, sannan ka buɗe asusu na biyu a MetaMask, ka koma kansa ka sake gwada zuba. Dole ya ƙi, ya nuna maka "Ba kai ne mai rumbu ba".