Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ginshiƙin nan na tsakar gidanmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, aikin da na dame ku da maganarshi tun watan Agusta ya ƙare, ginshiƙin kankare da zan riƙa ɗora madubin hangen taurari a kai ya tsaya, kuma daren Juma'ar da ta wuce na ɗauki hoton farko da shi. Na ce ba zan sa hoton ba sai na fara yin godiya, don wallahi ba ni kaɗai na yi ba.

Masu tambaya wai meye amfanin zuba siminti saboda kallon sama, ga dalili. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa in ka bar kyamara a buɗe minti biyu sai tauraro ya fito maka kamar an ja layi da alli. Akwai injin da ke juya madubin a hankali yana bin taurarin, amma sai ka saita shi daidai da tauraron arewa wanda ake ce ma Polaris, kuma mu nan Katsina tauraron nan ƙasa-ƙasa yake, digiri 13 kacal sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, katanga ma tana iya rufe maka shi. Shekara biyu ina fama da abin ɗora madubi mai ƙafa uku, kullum in fito da shi in yi kusan awa ɗaya ina saiti, yaro ya gifta ya taɓa ƙafa ɗaya, ko iska ta kaɗa, shikenan a koma farko. Akwai daren da na shige ɗaki ban ɗauki komai ba, raina a ɓace.

Farko dai Hajiyarmu. Wurin da ya dace, wato inda ake hango arewa ta saman katanga, shi ne daidai inda take shanya kuɓewa da kuka, kuma da na je da maganar ina ta kame-kame sai ta ce "kai dai in alheri ne je ka haƙa." Hajiya Allah shi ƙara maki lafiya da nisan kwana, ita ce fa ta fara nuna mani taurarin nan Kaza da 'ya'yanta ina ƙarami muna kwance kan tabarma lokacin zafi.

Sai maƙwabcinmu na arewa, dattijo, wanda reshen bedinshi ne ya tare tauraron gaba ɗaya. Na daɗe ina jin nauyin tunkararshi don na san a inuwar nan yake zama da hantsi. Da na gaya mashi, cewa ya yi in zo da dare in nuna mashi reshen da yatsa don kar a sare wanda ba shi ba, washegari da kanshi ya kira mai sara. Baba, Allah shi saka da alheri, Allah shi raya zuri'a.

Malam birkila kuwa ban san da wane baki zan gode mashi ba. Ramin farko da muka haƙa, zurfin mita ɗaya, ruwan Agusta ya cika shi a dare ɗaya gefe ya rufta, na ce mu kwashe ruwan mu zuba kankare haka nan, ya ƙi, ya ce in aka zuba kan taɓo to gindin zai zauna gefe guda bayan damina. Muka jira kwana tara. Shi ya ɗaure rodi huɗu ya zura cikin fayif na PVC mai inci 8, ya haɗa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana zubawa yana soka sanda yana bubbuga jikin fayif ɗin don iska ta fita, lebul a hannunshi yana dubawa ta kowane gefe. Abin da ya fi burge ni, da na ce mashi kada ginshiƙin ya taɓa daɓen tsakar gida saboda takun mutum yana bi ta cikin siminti ya girgiza hoto, bai yi mani dariya ba, ya bar tazarar yatsa biyu a kewaye ya cika da yashi. Yanzu yara na wucewa a guje tauraro bai motsi a allon kwamfuta.

Mai waldarmu na wajen Ƙofar Ƙaura, a nan laifina ne, ni na auna ramukan faifan ƙarfen da injin zai zauna a kai ba daidai ba, bol uku da aka dasa cikin kankare suka ƙi shiga, kuma kankare ya riga ya kama ba gyara. Ranar jikina ya yi sanyi sosai. Ya zo har gida da kwali ya kwafi wurin bol ɗin ya yanko sabon faifai ya huda, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na ƙarfe kawai. Oga na gode, Allah shi buɗa kasuwa.

Uwargida da ƙannena biyu su suka riƙe ban ruwa safe da yamma sati guda, an naɗe gindin da buhu jiƙaƙƙe, ni ina wurin aiki. Ita ce kuma ta hana ni ɗora injin kafin kwana 28 su cika, don na so in yi gaggawa ganin sama ta fara washewa, kun san tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo kwanakin ba su da yawa.

Daren Juma'a na saita sau ɗaya, na ɗaure noti, na juya kan Kaza da 'ya'yanta wajen sha ɗaya na dare. Hoto 60, kowane minti biyu, na haɗa su a kwamfuta bayan asuba. Taurarin sun fito ɗigo-ɗigo ba ja, har da shuɗin hayaƙin nan na ƙura da ke kewaye da su wanda ido bai gani. Hasken ya yi tafiyar shekara sama da 400 kafin ya iso tsakar gidanmu. Da na kai ma Hajiya wayar ta daɗe tana kallo tana tasbihi, sai ta ce ashe 'ya'yan kazar sun fi bakwai nesa ba kusa ba, ta sa aka kira Baba maƙwabci shi ma ya gani.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mani. Asabar mai zuwa bayan Isha'i ƙofa a buɗe take ga mai son leƙawa, ku zo da yara, sai dai don Allah a kashe tocilan waya in an shigo zaure.