Tiya biyu a gaban ikilisiya

Idan za mu koyar da adalci a majami'armu nan Maradi, ba mu fara da fassarar kalma. Tiya biyu muke kawowa da kwanon gero. Ɗaya lafiyayya, ɗaya kuma an ɗan bubbuge gindinta ya shige ciki, yadda ido ba ya kamawa. A auna da ta farko, a juye cikin ta biyun, kowa ya ga geron da ya zube kan tabarma. Buhu mai kilo 100 yana cin kusan tiya 40, to a lissafa wannan ɗan zubin sau 40. Sai bayan haka muke buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-15, inda aka hana mutum ajiye mudu biyu, babba da ƙarami, da Amos 8:5, inda annabin ya tsawata wa masu rage mudu su ƙara kuɗi.

Mutum goma zuwa sha biyu sun isa zama ɗaya, Lahadi da yamma, mako huɗu a jere. In suka fi haka, manya ke cinye maganar, mata da ƴan barema su yi shiru, alhali su ne suka san inda ake cutar su.

Mako na biyu na ladan aiki ne. Littafin Firistoci 19:13 ya hana kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai gona, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kai kuka ga Ubangiji. Nan muke daɗewa, don kusan kowa yana da hannu. Akwai mai cewa "ka dawo ranar kasuwa", akwai uwargidan da take riƙe kuɗin yarinyar aiki wata uku da sunan ajiya. Mutumin da ya wuni yana noma, wannan kuɗin ne tuwon darensa. Abin da muke roƙo ƙarami ne: a yi ciniki kafin a sa fartanya, a biya kafin rana ta faɗi.

Mun taɓa yin kuskure, muka bar darasin ya koma kan masu kuɗi kaɗai. Ƴan kasuwa suka daina zuwa, talakawa kuma suka fita suna ganin ba su da laifi, bayan mai zuba yashi a gero da mai ƙara ruwa a nono suna cikinsu. Yanzu ba a kiran sunan kowa a zama. Wanda ake da magana da shi, mutum ɗaya ya fara samunsa a gida, yadda Matiyu 18:15 ya shimfiɗa.

Bashin hatsi shi ya fi wuya. A Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi fayau, mutum yakan karɓi buhu ɗaya ya biya biyu da kaka, wani ma gonarsa yake jinginarwa. Wa'azi kaɗai bai hana wannan ba, domin mai yunwa ba shi da zaɓi. Shi ya sa muka gina rumbun ikilisiya: kowane gida dami ɗaya da kaka, a ranta da damina, a mayar tiya da tiya. Mutum uku ke kula da shi, dole da mace a ciki, kuma komai a rubuce. In mabuɗi yana hannun fasto shi kaɗai, zargi ba ya ƙarewa. Geron kuma a bar shi a zangarniya, ya bushe sarai, don wanda aka sussuka ya fi saurin kama ƙwari.

Maƙwabcinmu musulmi in ya zo rance, da tiyar da muke auna wa ɗan'uwa muke auna masa, sunansa kuma yana shiga littafi ɗaya da namu.