Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zaman Aji a Rotadam

Makon jiya mun tsaya inda takardar hukuma ta iso cewa sai na yi inburgering, karatun harshe da zaman ƙasa da ake ɗora wa baƙi a Holan. Tun 2022 matakin B1, wato matsakaicin iya harshen Holanci, ake so mutum ya kai, cikin shekara uku.

Ajinmu 'yan Siriya ne, da 'yan Eritiriya, da Turkawa, sai ni kaɗai Bahaushiya. Abin da kowa ke tsorata ni da shi, wato harafin g da ake kakaro shi daga maƙogwaro, bai ba ni wuya ba. Kha'un ne na Islamiyya. Da na ce goedemorgen, malamar ta ɗaga gira ta ce a ina na koya. A raina na ce Allah Ya jiƙan Malam da bulalarsa. Ƙirga ma haka: eenentwintig, ɗaya da ashirin, tamkar a Larabci. Amma ui na cikin huis, wato gida, har yau bakina bai gama yarda da shi ba.

Inda na sha wuya jerin kalmomi ne. Ik drink thee, ina shan shayi, wannan daidai yake da namu. To amma aikatau a Holanci ba ya barin kujera ta biyu. Kika fara da gobe, sai ki ce Morgen drink ik thee: gobe, sha, ni, shayi. Ina fara sabawa sai ga omdat, saboda, shi kuma ya kori aikatau can ƙarshe: Ik blijf thuis omdat ik vandaag erg moe ben, ina zaune a gida saboda yau na gaji sosai. Wannan ben ɗin da ke wutsiya shi ne aikatau. Akwai kuma masu rabewa biyu, irin opbellen, buga waya: Ik bel je morgen op, zan buga miki waya gobe. Rabi a gaba, rabi a baya! Ni da na saba tarar numfashin mutum, dole na koyi jira ya dasa aya kafin in san me yake nufi.

De da het kuwa, 'yan kalmomin da ake sa wa a gaban suna kamar the na Turanci, hadda ce kawai. Jam'i duk de ne, ƙaramin abu mai ƙarewa da je duk het ne, shi ya sa yarinya sukutum take het meisje. Saura sai na riƙa liƙa 'yan takardu a jikin firji da ƙofa da tukwane. Maigidan ya shigo ya ce, "Ke kuma kin mai da mana kicin makaranta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka shekara goma a nan, taga de ce ko het?" Ya sosa ƙeya ya ce a kawo masa abinci tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na je wurin likita ba tare da tafinta ba.