Kafin Ka Ce "i7 Nake So": Abin Da Na Sani Game Da Tsofaffin Furosesa

Sana'ata haɗa kwamfuta ce da gyaranta, a nan cikin Kano. Mafi yawan kayan da ke wucewa ta teburina ba sababbi ba ne, kwamfutocin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, aka loda su a kwantena suka sauka Legas, daga can suka iso hannunmu. Aikina in buɗe su, in wanke, in gwada, in ƙara musu abin da suka rasa, sannan in haɗa kowace da mutumin da ta dace da shi. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne wuya, domin duk wanda ya shigo, ɗalibi ne ko mai gidan gem ko mai shagon buga takardu, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce: "Oga, i7 ce?"

Sunan i3, i5 da i7 matsayi ne kawai da kamfanin Intel ke ba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a cikin zubi ɗaya, ma'ana jerin da aka fitar a lokaci guda. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da shi. i5-2400 zubi na biyu ce, ta 2011. i5-3470 na uku, ta 2012. i5-4570 na huɗu, ta 2013. Harafin ƙarshe ma yana magana. Duk furosesar laftof da ta ƙare da U an yi ta ne don tattalin batir, kuma har zuwa zubi na bakwai, i7 ɗin wannan layin kai biyu gare ta, wato sassa biyu masu yin lissafi a cikinta. Ɗauki i7-6600U: kai biyu ne. Ita kuwa i5-3470 ta kan tebur, wadda ta girme ta da shekaru, kai huɗu gare ta, kuma idan aiki ya yi nauyi sai ta bar ta a baya. Sai a 2017, da i5-8250U ta fito, layin U ya samu kai huɗu. Saboda haka a layin U, laftof mai i5 zubi na takwas ta fi mai i7 zubi na shida, amma ka je ka faɗa wa mai saye haka, sai ya kalle ka kamar kana so ka cuce shi. Yana tafiya wani wurin a liƙa masa sitika mai sheƙi, ya biya da murna.

Ni a zamanin Pentium 4 na shiga wannan aiki. Maigidana, Allah Ya jiƙansa da rahama, bai bar ni na taɓa kwamfutar mutane ba sai da na iya miƙe ƙafafun furosesa. A lokacin ƙafafun a jikin furosesar suke, sirara kamar gashi, kuma yaran shago kan lanƙwasa su wajen cirewa. Zai miƙo min lalatacciya da reza, ya ce, "Zauna nan, ka bi su layi-layi, kada ka karya ko ɗaya." Sai ka ɗaga ta saitin hasken ƙofa, ka runtse ido ɗaya, ka zura rezar a tsakanin layuka kana turawa a hankali har sai haske ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Da soket 775, wato sabon mazaunin furosesa, ta zo a 2004, Intel ta mayar da ƙafafun jikin bod, babban allon da ake dasa komai a kansa, aikin ya ƙara wuya, don yanzu in ka karya ɗaya bod ɗin gaba ɗaya ka kashe. Har yau ina gyara irin wannan da allura da madubin ƙara girma, kuma ba kowa ke yarda ya taɓa shi ba.

A kan soket 775 ɗin nan ne Core 2 suka yi sarauta. Q6600, mai kai huɗu a 2.4 GHz, ta fito a 2007, E8400 mai kai biyu a 3.0 GHz ta biyo a 2008. A wancan lokacin gem ɗin da ake yi ba su san amfani da kai huɗu ba, shi ya sa E8400 take doke yayarta a wasa, Q6600 kuma ta rama idan ana haɗa bidiyo. Da shekaru suka ja, sai lissafin ya juya, mai kai huɗun ta fi daɗewa a fage. Yau dai duka biyun na buga takarda ne da koyar da yara kwamfuta. Ba na haɗa wa kowa su don gem, kuma sabon Windows 11 na yanzu ko tashi ba ya yi a kansu, saboda akwai umarnin da yake nema wanda babu shi a cikinsu.

Inda zuciyata take shi ne zubi na biyu zuwa na huɗu. Sandy Bridge, wato zubi na biyu, da ta fito a Janairun 2011 ta yi tsallen da Intel ta daɗe ba ta sake yin irinsa ba. i5-2500K ta yi suna a duniya saboda ana iya ƙara mata gudu fiye da yadda ta zo, amma a nan sai in ja kunnen masu nemanta: wannan K ɗin ba ya aiki sai a bod na musamman, irin Z68 ko Z77. In ka dasa ta a cikin Dell ta ofis, kuɗin K ka biya, gudun 2500 ka samu. Akwai wani tarkon kuma. Zubi na biyu da na uku soket ɗaya suke hawa, 1155, sai mutum ya sayi i7-3770 ya kai wa OptiPlex 790 ko 990, ta zauna daram a mazauninta, a kunna allo ya ƙi kawo haske, don bod ɗinsu bai san zubi na uku ba. OptiPlex 7010 ce ke karɓar duka biyun. Zubi na huɗu kuwa soket ɗinsa daban, 1150, kuma shi ne ya zo da AVX2, wani sabon rukunin umarni wanda wasu sababbin gem ba sa buɗewa idan babu shi. Wannan dalilin kaɗai ya sa in dai kuɗin mutum zai kai, nake tura shi ga i5-4570 ko 4590 a maimakon 3470, duk da bambancin gudunsu ba wani mai yawa ba ne.

Ana yawan yi min musu a kan AMD FX-8350. Yaro zai zo da zumuɗi ya ce ya ga mai kai takwas, 4.0 GHz, ai dole ta ninka i5. Kawunan nan takwas biyu-biyu suke zaune suna raba wasu kayan aiki a tsakaninsu, har sai da maganar ta kai kotu a Amurka, inda a 2019 AMD ta amince ta biya dala miliyan 12.1 don a rufe ƙarar. Shaida mafi sauƙi tana cikin GTA V, gem ɗin da kowane yaro ke tambaya. Da ya fito a kwamfuta a 2015, kamfaninsa ya rubuta cewa mafi ƙarancin abin da zai ja shi Q6600 ce, abin da ya ba da shawara kuma i5-3470 ko FX-8350. Wato mai kai huɗu da mai kai takwas a sahu ɗaya aka ajiye su. To sai ka duba cin wuta: FX wat 125, i5 ɗin wat 77. Ga wanda ke gudanar da gidan gem a kan janareto ko sola, kwamfuta biyar ko shida daga la'asar zuwa tsakar dare, wannan bambancin a tankin mai yake gani, kuma a zafin ɗakin yake ji. Ba na raina FX, tana da ƙoƙari wajen haɗa bidiyo da matse fayil, amma ba a yi ta don Afrilun Kano ba.

To yaushe i7 ke da amfani? Idan ta kan tebur ce, kamar 3770 ko 4790, kai huɗu gare ta, kowane kai yana jan layi biyu na aiki, takwas ke nan. A tsofaffin wasannin ƙwallo irin PES 2017 ba za ka ga bambancinta da i5 ba. A gem na baya-bayan nan masu cunkoson mutane da motoci ne i5 ke fara sarƙewa, hoto ya riƙa tsayawa yana ci gaba, i7 kuma ta wuce sumul. Ga wanda ya san hanya akwai Xeon E3-1230 v2, kusan 3770 ce da aka cire wa sashen hoto, sai dai dole a haɗa ta da katin girafik, kuma ba kowane bod ke karɓarta ba, sai na gwada a gabanka.

Katin girafik ɗin nan shi ne rabin maganar gem, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Ƙananan akwatunan ofis fawa-fak ɗinsu, wato na'urar da ke ba su wuta, bai wuce wat 240 zuwa 255 ba, don haka katin da ba ya neman ƙarin waya ake sa musu: GTX 750 Ti, GTX 1050 Ti, ko GTX 1650 gajere. Ɗora babban kati a kan Core 2 kuwa ɗaura wa jaki kayan raƙumi ne. Amma kasuwa ta cika da jabu. Wani dila ya taɓa turo min kwali guda na 1050 Ti, roba sabuwa, fanka biyu, rubutu kore shar. Ina juya na farko na ga ramin VGA, na tsohuwar wayar allo, a bayansa, abin da da wuya ka gani a na gaske. Na kwance fankar, na goge man da ke kan guntun, lambar tsohon GTS 450 na 2010 ta bayyana. An sauya masa suna ne a ciki don Windows ta riƙa kiransa da sunan da ba nasa ba. Na buga masa waya, ya ce, "Alhaji, ai yana kawo hoto, ka sayar kawai." Na mayar masa da kayansa. Haka suke yi da furosesa, a shiga cikin Windows a canza rubutu, Core 2 ta koma i7 a allo. Shi ya sa kowace kwamfuta da za ta fita daga shagona sai na buɗe CPU-Z da GPU-Z, manhajojin da ke nuna bayanan kayan ciki, mai ita ya karanta da idonsa. Ko katin GT 1030 iri biyu ne, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya, na biyun kuwa ya yi ƙasa sosai, kuma shi aka fi turo mana. Sannan mai saye ya zo ya ce can an rage masa. An rage maka mana, araha ba ta ado.

Ga mai aikin yau da kullum, Word da Excel da CorelDRAW da cike fom a intanet, furosesa ba ita ce matsalarsa ba. i3 ta zubi na uku da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da RAM 8 GB za ta kunyata i7 mai tsohon faifai mai juyawa. RAM ɗin ma sanda biyu na 4 GB nake sawa ba ɗaya na 8 ba, don su yi aiki ta hanya biyu.

Abin da ba a gani a rasit shi ne wankin da nake yi. Watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano, hunturu kuma ya riga ya cusa ƙura a kowane lungu. Furosesa in ta ji zafi da kanta take rage gudu, sai ka ga i7 tana rarrafe mai ita yana zargin bairos. Nakan cire hitsink, ƙarfen da ke sanyaya furosesa, in hure shi da bulowa a waje, in kankare tsohon man da ya bushe ya zama kamar alli, in goge da sipirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, in ɗiga sabo daidai ƙwayar masara. Zubi na uku da na huɗu sun fi na biyu saurin ɗaukar zafi, domin a Sandy Bridge narkakken ƙarfe aka haɗa murfin da shi, a na bayanta kuma man shafawa aka sa, don haka su nake fi ba wa kulawa. Daga nan in kunna mata gem ta yi ta gudu ina kallon ma'aunin zafi. Masu sayar da kaya a kwali a rufe ba sa yin ko ɗaya daga cikin wannan.

Akwai abin da dole in faɗa wa duk mai saye yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Na zubi na biyu zuwa na huɗu da na yaba duk suna ƙasa da layin. Gidan gem da shagon buga takardu za su ci gaba da cin moriyarsu, amma wanda zai riƙa shiga asusun bankinsa ko ajiye bayanan mutane, i5-8500 nake nuna masa, mai kai shida. Mai son gem kuma da zai fara daga tushe, Ryzen 5 3600 a kan bod na AM4, don gobe yana iya cire ta ya ɗora wadda ta fi ta ba tare da ya sauya bod ba. In za ka zo, taho da sunan gem ɗin da kake bugawa ko manhajar da kake aiki da ita, ka kuma faɗa min wutar NEPA gare ka ko sola, a gabanka za mu kunna mu gwada.