Talata: fim ɗin da na rufe kwamfuta a kansa

Tun ƙarfe goma rana ta fara gasa kwanon shago. Zafin Sakkwato a watan Afrilu ba sai an ba kowa labari ba. Wuta kuma tun asuba aka ɗauke, sai na tayar da janareta saboda wayoyin mutane da ke caji, na jawo benci na zauna gaban kwamfuta.

Tun da na buɗe shagon tura fina-finai a Mabera nake da ƙa'ida guda: ba na tura wa kowa abin da ban kalla da idona ba. Jiya wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya bar min sallahun American Gigolo, mai dogon zango na 2022, ba tsohon fim ɗin 1980 da Richard Gere ya fito ba. Kashi 8 ne. Na fara daren jiya, na ƙarasa yau bayan la'asar.

Jon Bernthal ne ya fito a matsayin Julian, mutumin Los Angeles da matan masu kuɗi ke biya ya raka su, har da kwana. Na daɗe ina laluben sunan sana'ar nan a Hausa. Ba kwarto ba ne, don kwarto ba a biyansa. Ba kawali ba ne, shi kawali haɗawa yake yi. Karuwa dai, sai dai namiji. Ya yi shekara 15 a kurkuku kan kisan wata mata, sai wani makashin haya, yana bakin mutuwa, ya amsa cewa shi ya kashe ta. Aka saki Julian, ya fito yana neman wanda ya ɗana masa tarkon.

Na zaci zan ga holewa da motoci da kwat masu tsada. Akwai su, amma yawanci a baya suke, cikin tunani. Julian ɗin da ya fito daga kaso ba ya yawan magana, jikinsa duk zane, yana tafiya kamar mai jiran a kira sunansa. Kyamara takan tsaya a fuskarsa ta daɗe, ba kiɗa ba komai, har sai kai mai kallo ka fara jin nauyi. Kuma mafi yawan muguntar da tsakar rana take faruwa, a gidaje masu haske da wurin ninkaya. Wannan ya burge ni. Mu nan mun saba in za a nuna mugu sai an sa duhu da kiɗan tsoro, sannan kafin a tashi ya yi nadama a gaban malam.

Inda ya taɓa ni shi ne yarintarsa. Yana ɗan saurayi uwarsa ta miƙa shi ga wata magajiya, Olga, wadda ta koya masa sa kaya da iya magana da mata, ta mai da shi haja. Ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi a kan haka. Yaron kawai aka nuna cikin mota, yana waigen gida.

Daidai nan yaron shagona ya leƙo ta bayan kafaɗata.

"Maigida, wanga fim na faɗa na?"

Na rufe kwamfutar, na ba shi kuɗi ya sayo mana fura da ƙanƙara. Da ya fita na bi shi da kallo. Sa'an wancan yaron ne. Bara mahaifiyarsa ta kawo shi da hannunta, ta ce, "Malam, ga amana nan." Na ɗan jima ban buɗe kwamfutar ba.

Fim ɗin yana da nasa aibi. Tsiraici ya yi yawa, na yi ta tsallakewa, kuma rabinsa bai ƙara wa labarin komai ba. Batun ɗan tsohuwar masoyiyarsa da ya gudu da malamarsa ya ja labarin har na yi gyangyaɗi a kashi na biyar. Wadda ta riƙe ni ita ce Rosie O'Donnell, a matsayin 'yar sandar da ta tura Julian kurkuku tun farko, yanzu kuma abin ya hana ta barci. Ba kwalliya, ba fara'a, tambaya kawai take yi tana maimaitawa.

Bayan magariba ɗalibin ya zo. Na ce masa zan tura, amma kada ya kalla gaban ƙanne, kada kuma ya ba 'yan sakandare. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai na girma." Ya tambayi zango na biyu, na ce babu, tashar Showtime ta dakatar da shi a farkon 2023. Na ajiye fim ɗin a wata jaka daban na sa mata lambar sirri.

Ƙarfe tara na kashe janareta. Yau ban bar yaron ya tafi da ƙafa ba, na tsayar masa da ɗan kabu-kabu na biya har ƙofar gidansu.