Default da Public a Windows: Ɗaya Abin Buga Bulo, Ɗaya Tsakar Gida

Idan ka buɗe C:\Users, ban da foldar kowane mai akawun, akwai wasu biyu da ake yawan rikitawa: Default da Public. Tun zamanin Windows Vista suke a nan. A XP kuwa, Documents and Settings ake kiran wurin.

Default a ɓoye take, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a File Explorer za ka gan ta. Aikinta irin na abin buga bulo ne. Ranar da sabon akawun ya fara shiga, Windows takan kwafe duk abin da ke cikinta ta zuba masa a sabuwar foldarsa, har da NTUSER.DAT, wanda shi ne ke zama HKEY_CURRENT_USER, wato sashen saitin mai akawun a rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows). Sau ɗaya tak ake wannan kwafin. Shi ya sa mai kula da ɗakin kwamfutocin makaranta zai sa takarda a Default, ya yi ta mamakin ɗaliban da suka taɓa shiga ba su gan ta ba. Bulonsu ya riga ya bushe.

In saitin sababbin akawun kake son sauyawa, buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta reg load HKU\Gwaji C:\Users\Default\NTUSER.DAT, ka yi gyaranka, sannan reg unload HKU\Gwaji. Kada ka manta da na ƙarshen nan. Muddin fayil ɗin na riƙe, Windows ba za ta iya kwafarsa ba, sabon mai shiga zai faɗa furofayil na wucin gadi ko a hana shi shiga gaba ɗaya. Wani tarkon kuma: HKEY_USERS\.DEFAULT da ake gani a rajista na akawun ɗin SYSTEM ne, wato wanda ita kanta Windows ke aiki da shi, sunan ne kawai ya zo ɗaya da na foldar Default.

Ita Public tsakar gida ce, abin da ka ajiye kowa zai gani nan take, tsoho da sabo. Gajerar hanyar manhaja da ka sa a Public Desktop za ta fito a allon kowa, kuma sai admin ke iya goge ta. Takardar sirri ba ta da wurin zama a Public Documents.

All Users da za ka iya tarar da ita a C:\Users hanya ce kawai zuwa C:\ProgramData, inda manhajoji ke ajiye bayanan da suka shafi kowa. Kada ka goge ta.